Yadda Za Ka Ziyarci Ait Ben Haddu, Tsohon Garin Ƙasa a Hanyar Fataken Maroko

Yawancin mutanenmu da ke zuwa Maroko abu uku ne ke kai su: ziyarar Shehu Ahmadu Tijjani a Fas, karatu, ko sarin kaya a Kasablanka. Kaɗan ne ke tsallake duwatsun Atlas su gangara kudu, alhali can ne ƙasar ta fuskanci Sahara, can ne kuma ayarin fatake ke sauka bayan sun yi makonni suna ratsa rairayi. Wanda ya gama abin da ya kai shi, yana da rarar kwana biyu ko uku, Ait Ben Haddu ya isa a yi tattaki dominsa.

Gari ne da aka gina da jar ƙasa a jikin tudu, a bakin kogin Unila, cikin lardin Warzazat. Tsakaninsa da garin Warzazat kimanin kilomita 30 ne, da Marakesh kuwa wajen kilomita 190. Gidaje sun hau kan juna tun daga bakin kogi har kusa da ƙololuwar tudun, ganuwa mai hasumiyoyi ta kewaye su. Mutanen ƙasar suna kiran irin wannan gari mai ganuwa ksar, babban gida mai hasumiya a kusurwoyinsa huɗu kuma kasba. Hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin wuraren tarihi na duniya a 1987. Masana tarihi sun kai asalin kagarar wurin ƙarni na 11, zamanin daular Murabiɗuna, amma ginin da ke tsaye yau babu wanda ya girmi ƙarni na 17. Ba abin mamaki ba ne ga duk wanda ya tashi a gidan ƙasa: gini ne da ake sabuntawa a kan tsohon gurbinsa.

Dalilin kafa gari a wannan wuri shi ne hanya. Ayarin da ya taso daga Tambutu da kewayenta, in ya ƙetare hamada ya shigo kwarin Dar'a, nan yake biyowa ya haura mashigar Telwet, sannan ya gangara Marakesh. Zinariya da hauren giwa suna tafiya arewa, gishiri da tufafi suna yin kudu. Da bayi a cikin abin da ake kaiwa arewa, kuma bai kamata a yi shiru a kan haka ba don kyan gini ya ɗauke ido. Fataken Kano galibi ba nan suke bi ba, tasu hanyar ta Agadas ce da Gat da Gadamus zuwa Tarabulus, amma sana'ar ɗaya ce: madugu, zango, kuɗin fito, da neman garin da za a kwana ba tare da fargabar mahara ba.

Shawara ɗaya ce ginshiƙin duk abin da zai biyo baya: ka kwana a wurin. Motocin masu yawon buɗe ido da ke tasowa daga Marakesh da safe suna isowa ne da tsakar rana, su zube mutane na awa ɗaya ko biyu, a ci abinci, a ɗauki hoto, a wuce. A wannan lokacin rana ta take, lunguna sun cika, launin ginin ya koɗe. Wanda ya zo haka zai koma ya ce ya ga Ait Ben Haddu, amma kasuwar tsaraba ya gani.

Takardu, lokaci da guzuri

Mai fasfon Najeriya yana buƙatar biza, kuma ofishin jakadancin Maroko yana Abuja. Mai fasfon Nijar yana cikin waɗanda aka yafe wa biza don gajeriyar ziyara. Dokokin shiga ƙasa suna sauyawa, saboda haka ka tabbatar da naka a ofishin jakadanci kafin ka biya kuɗin tikiti, ba bayan ka biya ba. Jirgin Royal Air Maroc yana tashi daga Legas da Yamai da Akra kai tsaye zuwa Kasablanka.

Watannin da suka fi daɗi su ne Maris zuwa Mayu, sai ƙarshen Satumba zuwa Nuwamba. Yuli da Agusta zafi yana kusantar digiri 40. Ɗan Sakkwato zai ce wannan ai ba komai ba ne, to, amma hawan tudu ne babu inuwa. Abin da ya fi kama mutanenmu ba shiri shi ne sanyi. Garin yana sama da mita 1,000 daga matakin teku, a Disamba da Janairu dare yana kusantar daskarewa, ƙanƙara kuma takan rufe hanyar kan dutse na wasu sa'o'i. Sanyin hunturun Jos ba ya kama ƙafarsa. Ka tafi da rigar sanyi ta gaske da safa, ko da a watan Afrilu ne.

Kuɗin ƙasar dirhami ne, kuma a cikin ƙasar ake canza shi. Ka tafi da dala ko yuro, ka canza a Kasablanka ko Marakesh, ka nemi a ba ka ƙananan takardu da sulalla masu yawa. A ƙauyen tsabar kuɗi ne ke aiki, kada ka dogara da kati. Layin waya ka saya tun a filin jirgi, Maroc Telecom ko Orange ko Inwi. Soket ɗinsu mai ƙafa biyu ne zagayayyu irin na Nijar, ɗan Najeriya sai ya nemi mahaɗi. Jirgin ɗaukar hoto marar matuƙi kuwa ka bar shi a gida, jami'an kwastan suna ƙwace shi in babu izini.

Daga Kasablanka zuwa bayan dutse

Daga filin jirgin Muhammadu na Biyar akwai jirgin ƙasa zuwa cikin Kasablanka, can za ka sauya ka hau na Marakesh, tafiyar kusan awa uku. Wanda ya taso daga Fas ya ware yini guda, don tafiyar ta haura awa shida. A Marakesh layin dogo ya ƙare. Daga nan sai mota.

Mafi araha ita ce babbar bas ta CTM ko Supratours mai zuwa Warzazat, wanda a allon tasha za ka ga an rubuta Ouarzazate. Tafiyar awa huɗu ce zuwa huɗu da rabi. Bas ba ta shiga ƙauyen. Ko dai ka gaya wa direba tun a tasha ya sauke ka a mararrabar Ait Ben Haddu, inda saura kilomita tara zuwa goma ka ƙarasa da tasi, ko ka wuce Warzazat ka hau tasin haya mai ɗaukar mutum shida ka dawo. In za ka iso da dare, ka wuce Warzazat. Tsayawa a mararraba cikin duhu da jaka ba dabara ba ce.

In ku uku ne ko huɗu, ku haɗa kuɗi ku ɗauki shatar mota da direbanta na kwana biyu. Tsada ce, amma tana ba ku damar bin tsohuwar hanyar fatake. Babban titi mai lamba N9 yana haurawa mashigar Tizi n'Tishka, mai tsawon mita 2,260 kamar yadda allon wurin ya nuna. Faransawa ne suka fasa wannan titi zamanin mulkinsu, kuma shi ya janye zirga-zirga daga kwarin Unila. Jim kaɗan bayan ƙololuwar akwai wata hanya da ta karkata hagu zuwa Telwet. Ita ce ta fatake. Ku ce wa direba tun wajen ciniki ita kuke so, don wasu sukan nemi ƙari a tsakiyar hanya.

A Telwet akwai kasbar gidan Galawi, iyalin da suka yi arziki da kuɗin fiton ayari da gishirin da ake haƙa a kusa. Shahararrensu, Tuhami al-Galawi, ya riƙe sarautar Fasha, wato gwamnan birnin Marakesh, ya mara wa Faransawa baya wajen tsige Sarki Muhammadu na Biyar a 1953, ya rasu a 1956, shekarar da ƙasar ta sami 'yanci. Daga nan aka bar gidan yana zubewa. Girgizar ƙasar 8 ga Satumban 2023, wadda ta kashe kusan mutum 3,000 a yankin Atlas, ta ƙara masa lahani, saboda haka ku tambaya kafin ku taso ko ana barin baƙi su shiga. Ko ba a shiga ba, hanyar kanta ta biya: kwari ne mai jan dutse, ƙauyukan ƙasa a manne a gefensa, gonaki kore a ƙasan. Kafin ka isa za ka riga ka gane cewa Ait Ben Haddu ɗaya ne daga cikin zangunan da suka jeru, shi dai ya fi sauran samun gata.

Hanyar kan dutse kwana-kwana ce ba iyaka. Mai saurin amai a mota ya sha magani kafin a taso, ya zauna gaba, kada ya cika ciki. A bakin titi za a miƙo maka duwatsu a fashe masu ƙyalli, ja jawur ko shuɗi shar. Masu kaurin launin nan rina su aka yi.

Masauki da daren farko

Kogi ya raba wurin biyu. A wancan ƙetaren tsohon gari, a wannan ƙetaren sabon ƙauye mai titi, makaranta, masallaci, kantuna da masaukai. Yawancin zuriyar masu tsoffin gidajen nan suka dawo, iyalai kaɗan ne suka rage a ciki. Ka nemi masaukin da rufinsa ke kallon tudun. Kafin ka biya ka tambayi abu biyu: ruwan zafi, da abin ɗumama ɗaki in lokacin sanyi ne. Akwai kuma ɗakunan baƙi ƙalilan a cikin tsohon garin, ga mai iya jure rashin wasu abubuwan jin daɗi da ɗaukar jakarsa a kafaɗa.

Ka yi ƙoƙarin isowa bayan la'asar. Ajiye kaya, ka fita bakin kogi ka tsaya daga nesa, lokacin da rana ta yi sanyi kuma motocin rana sun tafi. Kada ka yi gaggawar shiga. Daga nan ne ake ganin tsarin garin gaba ɗaya: manyan kasbobi na masu hali a ƙasa kusa da ruwa da gonaki, ƙananan gidaje a sama, rumbun gari shi kaɗai a can ƙoli.

Abinci duk halal ne. Tajin za a kawo maka, nama ko kaza da kayan lambu a kaskon ƙasa mai murfi, da gurasa, ranar Juma'a kuma kuskus. Yana da daɗi amma babu yaji, mai ƙullin yajinsa a jaka ba zai yi nadama ba. Shayin na'a-na'a in an zuba maka ka karɓa. A masallaci ba za ka ji baƙunta ba: Malikiyya ne, ƙira'ar Warshu ake yi, irin wadda aka san ta a makarantun allo.

Shiga garin

Ka shiga bayan sallar asuba, da gari ya waye. Hanya biyu ce. Akwai gadar ƙafa da aka gina a 2011, akwai kuma tsallake kogi a kan buhunan yashi da duwatsu lokacin da ruwa ya ja baya. Ta gada babu wanda zai tare ka. Ta wasu ƙofofin ƙasa kuwa za ka ratsa gidajen mutane, su nemi dirhami 10 ko 20. Shiga garin kansa kyauta ne, amma gidan mutum gidansa ne, kuma da wannan ɗan kuɗi ake yaɓe. Ka biya, kada ka tsaya musu. In an yi ruwa a kan duwatsu kogin yana cika farat ɗaya ko da sama tana garau a ƙauyen, ranar nan gada kawai. Takalmi ya zama mai kama ƙasa, silifas ba za su kai ka sama lafiya ba.

Ɗan jagora ba dole ba ne, ba za ka ɓata ba, duk lungun da ya haura sama ƙoli zai kai ka. Amma ɗan gari yana buɗe ƙofofin da kai ba za ka iya ba. In za ka ɗauka, ta hannun mai masaukinka ka nema, ku gama magana kan kuɗi da tsawon lokaci kafin a ɗaga ƙafa. Harshen gida Tashalhit ne, ɗaya daga harsunan Amazig, dangin harshen Buzaye. Larabcin Maroko da Faransanci suna aiki, mutumin Nijar bai da matsala. Sallama tana buɗe kowace ƙofa, in ka ƙara da tanmirt wajen godiya fuska za ta saki.

Abin da ya kamata ka tsaya ka duba

Fara da bango, ka matsa kusa. Maginin Kano ko Zariya ko Damagaram yana mulmula tubali ya shanya, ya jera shi da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Nan ba haka ake tada ƙasan gini ba. Ana kafa allunan katako biyu suna fuskantar juna a kan harsashin dutse, a zuba ƙasa mai ɗan danshi a tsakani, mutum ya shiga ya yi ta kirɓawa da gungumen itace har ta ƙanƙame, sai a kwance allunan a matsa gaba. Shi ya sa za ka ga bango yana da layi-layi a kwance da ƙananan ramuka a jere. Ramukan nan gurbin sandunan da suka riƙe allunan ne, ba na harbi ba ne kamar yadda wani ɗan jagora mai son daɗin labari zai gaya maka.

Ɗaga kai sama. Benen ƙarshe da kawunan hasumiyoyi da bulon ƙasa aka yi su, don ya fi sauƙin nauyi, kuma shi ke ba magini damar ado. Ana tura bulo ciki a fito da wani waje, sai zane ya fito: kusurwoyi, tsani, ƙananan bakuna. Adon duk a sama yake, ƙasa fili ne ba taga sai 'yan kafofi, domin ƙasa na tsaro ne. Bangon yana da kauri a gindi, yana sirancewa yana ɗan karkata ciki yayin da yake hawa. Dubi kuma kan katanga, inda ake shimfiɗa kara a ɗora ƙasa ya ɗan leƙo waje, da indararon da ke jefa ruwa nesa da jikin gini. Ruwan sama kaɗan ne a nan, amma in ya zo da ƙarfi yake zuwa, kuma duk gidan da aka bar indararonsa ya toshe, daga rufi yake fara mutuwa. Za ka ga misalinsa da idonka: gida biyu jere, ɗaya sumul don ana kwana a ciki, ɗaya ya narke ya koma tudun ƙasa.

Ka shiga kasba aƙalla ɗaya. Hawan ƙasa na dabbobi ne da kayan noma, na tsakiya na hatsi da madafa, sama na kwana da baƙi, rufi kuma na shanya da shan iska. Matakala ƙunci gare ta da duhu, ƙofofi gajeru, ka kula da goshinka. Rufin ɗaki itace ne aka gitta, aka jera kara, aka bi da ƙasa, kuma tsawon itacen da ake samu a kwarin shi ya ƙayyade faɗin ɗaki, shi ya sa ɗakunan dogaye ne marasa faɗi. In ka shigo daga rana za ka ji sanyin ɗakin nan take.

A cikin gari akwai masallaci, dandali, da masaukin fatake. A wajen ganuwa akwai masussuka, da maƙabartu biyu, ta Musulmi da ta Yahudawa, don Yahudawa sun daɗe a garuruwan kudancin Maroko suna ƙira da kasuwanci kafin yawancinsu su bar ƙasar a tsakiyar ƙarni na 20. Akwai kuma hubbaren waliyyin garin, Sidi Ali u Amar.

Daga nan sai hawa. Minti ashirin zuwa talatin ne ga mai matsakaicin ƙarfi, dattijo ya huta a hanya ba laifi. A ƙoli kangon rumbun gari yake, wanda suke kira agadir. A ganina nan ne ma'anar garin take. Ba fadar sarki aka ɗora a wuri mafi wuyar kaiwa ba, hatsi aka ɗora. In mahara sun fasa ganuwa sun ci gidajen ƙasa, jama'a su haura nan, abincinsu yana hannunsu. Daga wurin kana ganin kwarin ta ko'ina: koren gonaki siriri a bin kogi, bayansa fako, can arewa duwatsun Atlas, da farar ƙanƙara a kansu in da sanyi. Ayari ba zai taso ta kowace fuska ba a hango shi ba. Iska tana da ƙarfi a saman, ka riƙe hularka, kada kuma ka hau kan katangar da ta tsage. Girgizar 2023 ta bar tsaga a wasu gine-ginen, inda aka gitta igiya ko katako ka bi doka.

Masu fim, masu tsaraba da kyamara

An daɗe ana shirya finafinai a nan, cikinsu har da Gladiator na shekarar 2000, kuma mutanen gari da dama sun fito a cikin taron 'yan kallo, za su nuna maka hotuna. Kuɗin fim ya taimaka wajen gyara, amma ya bar abin da ba na asali ba: akwai ƙofa a bakin kogi da aka gina don fim. Ka tambayi ɗan jagora wanne ne tsoho wanne ne sabo, mai gaskiya zai faɗa.

Wajen ƙarfe tara zuwa goma kantuna suke buɗewa a lungunan ƙasa: darduma, rawani, kayan azurfa, tsoffin makullai. Ciniki dole ne, wannan kuwa ba sai an koya wa Bahaushe ba. Abu ɗaya dai: kada ka taya abin da ba ka da niyyar saye. Akwai masu zane da ruwan shayi mai sukari da za'afaran da shuni, su kanga takardar a kan wuta sai hoton ya fito. Yana da araha, ba ya da nauyi a jaka, kuma a gabanka ake yin sa. Hoton mutane, musamman mata, sai da izini. Ƙofar da ka gani a buɗe ba gayyata ba ce, ka yi sallama ka jira.

In da sauran lokaci

Kafin azahar ka gama, daidai lokacin da motocin Marakesh ke fara isowa. Kilomita shida arewa akwai Tamdakt da tata kasbar ta gidan Galawi, baƙi kaɗan ne ke zuwa, ana iya takawa da ƙafa in ba zafi. A Warzazat akwai kasbar Taurirt, inda cibiyar gwamnati mai kula da gyaran gine-ginen ƙasa na yankin, CERKAS, take da mazauni. Mai kwana ɗaya na ƙari ya bi kwarin Dar'a zuwa Zagora, wajen kilomita 160 daga Warzazat, ya ga allon nan da ke cewa daga nan zuwa Tambutu kwana 52 ne a raƙumi.

Wajen komawa, ka sayi tikitin bas tun ranar da ka iso, don kujeru suna ƙarewa a lokutan hutu da sallah. Kada ka sa ranar tsallake dutse ta zama ranar tashin jirginka daga Kasablanka. Ka kwana a Marakesh tukuna, musamman tsakanin Disamba da Fabrairu da ƙanƙara ke iya tsayar da motoci a Tishka.